Dandalin Kampo na Siyena: filin da majalisar 'yan kasuwa ta gina da doka

Birnin Siyena yana yankin Tuskani a tsakiyar Italiya, kudu da Fulorans, kuma bisa tuddai uku yake zaune. Kowane tudu da nasa ɓangaren gari: Città, San Martino da Camollia. A inda ukun suka haɗu akwai wani gangare da ruwan sama ke bi ya zube kwari, kuma shi ne ya zama Piazza del Campo, dandalin da mutanen garin ke kira Kampo kawai. Filin da ke gaban cocin Fafaroma a Roma an san Bernini ne ya tsara shi, na tudun Campidoglio kuma Michelangelo. Kampo ba shi da wani gwani guda da za a liƙa wa sunansa. Majalisa ce ta yi shi, da ƙuri'a da doka da tara da kwangila, tana sayen gidajen mutane tana rushewa, aka shafe sama da shekara hamsin ana abu ɗaya.

Hukumar da ke zaman haya

A ƙarni na 13 Siyena ta yi kuɗi. Hanyar Via Francigena, wadda masu ziyara da fatake ke bi daga Faransa zuwa Roma, ta tsakiyar garin ta ratsa. 'Yan canjin Siyena sun kai har kasuwannin Faransa da Ingila, bankin gidan Bonsignori kuma shi ke juya wa Fafaroma kuɗinsa. Sai dai arzikin a hannun wasu manyan gidaje yake, irin su Tolomei da Salimbeni da Piccolomini da Malavolti. Kowane gida da katangarsa da doguwar hasumiyarsa da yaransa masu makami, gaba kuma ba ta ƙarewa a tsakaninsu. Ta Tolomei da Salimbeni kaɗai ta ci rayuka tsara bayan tsara.

Ita kuwa hukumar gari ko zauren kanta ba ta da shi. Babbar majalisa a cocin San Cristoforo take zama, ƙofa da ƙofa da gidan Tolomei, manyan ma'aikata kuma hayar gidajen masu hali suke yi. Ɗan haya ba ya ɗaga wa mai gida murya.

A 1260 Siyena ta ragargaza rundunar Fulorans a Montaperti, a lokacin tana ɓangaren masu adawa da Fafaroma. Nasarar ba ta yi ƙarko ba. Fafaroma ya sa wa garin takunkumi, abin da ya taɓa aljihun 'yan canji kai tsaye, sannan a 1269 aka ci Siyena da yaƙi a Colle Val d'Elsa, ta juya ta koma ɓangaren Fafaroma. Daga nan 'yan kasuwa masu matsakaicin ƙarfi suka fara karɓe ragama. A 1277 aka yi dokar da ta hana manyan gidaje hawa babbar kujerar mulki, a 1287 kuma aka kafa abin da tarihi ya sani da Gwamnatin Mutum Tara, wadda ta riƙe garin har 1355.

Tsarinta abin lura ne. Mutum tara ne ke mulki, wata biyu kacal, sai a sauya wasu tara. A cikin wata biyun nan a gidan gwamnati suke kwana, tare suke cin abinci, ba sa fita sai aikin hukuma ya fitar da su, don kada wani ya samu kafar raɗa musu magana a gida. Shugaban shari'a da tsaro, wanda ake kira podestà, daga wani gari ake ɗauko shi na ɗan lokaci, don ba shi da dangi a Siyena. Ma'ajin baitulmali ma sau da yawa ɗan zuhudu ne daga gidan ibada na San Galgano. Duk tsarin a kan rashin yarda da juna aka gina shi, kuma dandalin ma daga nan ya fito.

Zaɓen wuri

Gangaren da ke tsakanin tuddan uku kasuwa ce tun da daɗewa. Akwai takardar 1169 da ta ambace shi. Ba na wani ɓangare ba ne, ba kuma na wani babban gida ba. A ƙarshen ƙarni na 12 an yi katanga a ƙasansa don tare zaizayar ƙasa, aka raba shi da kwarin da ke baya, aka gina ofishin kwastan da gidan buga kuɗi a jikin katangar. A kan waɗannan gine-gine ne Mutum Tara suka ɗora fadar gwamnati, Palazzo Pubblico, daga 1297 zuwa wajen 1310.

Wato fadar a wuri mafi ƙasa take. Mai mulki na son tudu, don a ɗaga kai a kalle shi, kuma babban cocin Siyena can saman tudun Città yake. Su kuwa Mutum Tara sun sauka gindin gangare. A ganina wannan ne mafi wayo a cikin duk abin da suka yi, ko da larura ce ta fara jawo shi. Filin kamar an tsaga ƙwarya biyu ne an ajiye rabi a karkace, fadar tana tsaye a bakin tsagin. Duk wanda ya shigo ta ɗaya daga lungunan nan goma sha ɗaya, ƙasa ce da kanta za ta juya masa fuska zuwa fadar, ƙafarsa ma can za ta nufa. Sannan babu babban coci a filin, babu gidan wani basarake da ya mamaye shi. A Turai ta wancan zamani, dandalin da ya fi kowane girma a gari ya zama na hukuma da kasuwa zalla ba ƙaramin abu ba ne.

Ginin fadar kansa bai yi kama da sansani ba, saɓanin takwararsa ta Fulorans da aka fara kusan lokaci guda da manyan duwatsu marasa sassaƙa. A Siyena hawa na ƙasa ne kawai na dutse, sauran duk jan bulo ne na ƙasar yankin. Kowace taga an raba ta uku da siraran ginshiƙai biyu na farin dutse, a ƙarƙashin baka mai tsini, a cikin bakan kuma tambarin gari, rabi fari rabi baƙi. A can sama zankaye ne masu kusurwa huɗu a jere. Fuskar ginin ba miƙaƙƙiya ba ce: fikafikansa biyu sun ɗan tanƙwaro ciki suna bin bakin filin. A bayansa kuma akwai wata doguwar baranda mai kallon karkara, inda Mutum Tara ke shan iska tunda ba su da ikon fita.

Dokar tagogi

A shekarar da aka fara ginin, 1297, majalisa ta zartar da wata gajeriyar doka. Ta ce duk wanda zai sake gina gida mai kallon Kampo, dole tagoginsa su zama masu ƙananan ginshiƙai, kuma ba a yarda da baranda ba. Wanda ya saɓa zai biya tara. Ana lissafa ta cikin tsofaffin dokokin tsara fuskar gine-gine a Turai.

Barandar da ake magana ba irin ta shan iska ba ce. Rumfuna ne na katako da ake liƙawa a jikin bene su turo kan hanya, mai gida ya ƙara ɗaki a sararin da ba nasa ba. Suna duhunta lungu, suna kama wuta, in faɗa ya tashi kuma daga kansu ake jifa. Hana su ya gyara tsaro da tsabta. Amma sharaɗin ginshiƙai ba shi da wata alaƙa da gobara. Abin da yake nufi shi ne gidan kowane attajiri da ke bakin filin ya ɗauki kamannin gidan gwamnati. Mutanen da suka saba gasa da tsawon hasumiya aka ce su sa riga iri ɗaya, kuma hukuma ce ta yanka rigar. Wanda ya fi nuna haka a yau shi ne gidan Sansedoni, dogon gini na jan bulo da ya lanƙwasa yana bin da'irar filin, tagoginsa kamar an kwafo daga fadar da ke fuskantarsa. Har wani tsohon coci da ya turo cikin layin an kawar da shi don da'irar ta daidaita.

Ba a ɓoye suke wannan ba. A 1309 zuwa 1310 gwamnati ta sa aka juya kundin dokokin gari daga Latin zuwa harshen da mutane ke yi a kasuwa, aka rubuta da manyan baƙaƙe, aka ajiye inda talakan da bai yi karatun Latin ba zai iya zuwa ya duba. A cikin kundin akwai sashen da ya ce wajibi ne mai mulki ya kula ƙwarai da kyan gari, don baƙi su ji daɗi, don kuma daraja da bunƙasar gari da mutanensa. Lissafin ɗan kasuwa ne: gari mai kyau yana jawo baƙo, baƙo yana kawo ciniki.

Kada kuma a ɗauka filin wani wurin shaƙatawa ne a lokacin. Kasuwa ce ta hatsi da kifi da itace da dabbobi, hukuma na yanka wa kowa wurinsa tana karɓar haya. Akwai kwangilar shara ta 1296 da ta ba ɗan kwangilar izinin kiwon alade mace da 'ya'yanta huɗu a filin, su riƙa cinye abin da 'yan kasuwa suka zubar. Kasuwar ba ta bar Kampo ba sai a ƙarshen ƙarni na 19.

Daɓe, ruwa da hasumiya

Daɓen filin an yi shi ne tsakanin wajen 1327 da 1349. Jan bulo ne aka kafa a kan gefensa, ba a kwance ba, aka jera shi saƙar ƙashin kifi, wadda ke hana bulo zamewa a gangare. Layukan farin dutse sun raba daɓen gida tara, adadin masu mulki, dukansu sun tsuke sun haɗu a wuri guda a gaban fadar. Wanda ya bi layukan da ido zai zaci wani mutum-mutumi zai tarar a mahaɗar. Magudanar ruwa ce, mutanen garin na kiranta gavinone. Duk ruwan saman da ya sauka a filin nan yake bi ya wuce ƙarƙashin fadar ya fita kwari. Ado da aikin lambatu abu ɗaya ne a nan, kuma shi ya sa daɓen bai taɓa zama abin da za a ce a cire ba. Kewayen filin ya kai mita 333. Babu benci ko ɗaya a tsakiyarsa. Gangaren ya isa, mutane a kan bulon suke zama su miƙe ƙafa.

Fitar da ruwa ya fi shigo da shi sauƙi. Siyena ba ta da kogi. Fulorans na da Arno, wanda ke juya mata injinan niƙa da masana'antar ulu, ita kuwa Siyena tana kan tudu busasshe, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa ba ta taɓa kamo kishiyarta a sana'ar tufafi ba. Ƙishin ya kai har hukuma ta riƙa biyan mahaƙa su nemo wani kogi mai suna Diana da ake cewa yana gudana a ƙarƙashin garin. Ba a same shi ba. Abin da ya yi aiki shi ne ramukan ƙarƙashin ƙasa da ake kira bottini, masu tsawon kusan kilomita 25 in an haɗa su, waɗanda ke tattara ruwan da ke tsattsafowa daga tuddan arewa. Tsayinsu daidai mutum ya miƙe, faɗinsu bai kai mita ɗaya ba, a ƙasansu kuma ɗan siririn kwalbati ne mai gangara kaɗan-kaɗan don ruwan ya tafi a hankali laka ta kwanta. Tsofaffin wuraren ɗiban ruwa duk a gindin tuddai suke, inda ruwa ke saurin kaiwa. Kawo shi Kampo, wanda ya fi su tudu, sai da aka haƙa sabon rami daga nesa. A 1334 aka ba wani Jacopo di Vanni kwangilar, aka yi wajen shekara takwas kafin ruwa ya ɓullo a saman filin. An yi shagali a garin, aka gina wurin ɗiban ruwan da ake kira Fonte Gaia.

Hasumiyar fadar, Torre del Mangia, ta tashi ne tsakanin 1338 da 1348, a hannun wasu magina 'yan'uwa biyu, Muccio da Francesco di Rinaldo. Tsawonta mita 88, ko 102 in an haɗa da ƙarfen da ke samanta, matakalarta wajen 400. Jikinta siriri ne na jan bulo, ba ado ko kaɗan, sai can ƙoli ta buɗe da farin dutse. Ana cewa an auna ta ne don kanta ya yi daidai da na hasumiyar babban coci, duk da cewa ita daga kwari ta taso. Abin da ba shi da shakka shi ne ta shanye hasumiyoyin manyan gidaje duka. Ƙararrawarta ce ke kiran majalisa, ita ke sanar da rufe ƙofofin gari. Sunanta kuwa daga laƙabin wani mai kaɗa ta aka samo, Giovanni di Balduccio, wanda ake yi wa ba'a da cinye duk abin da ya samu. Babbar ƙararrawar da ke kai yanzu ta 1666 ce, nauyinta ya haura tan shida.

Abin da aka zana a ciki

Hujjar duk wannan aiki tana jikin bangon fadar. A babban zauren majalisa Simone Martini ya zana Maryam a kan gadon sarauta a 1315, riƙe da Isa yana yaro kamar yadda Kiristoci ke zana su, a hannun yaron kuma takarda mai umartar masu hukunci a duniya su so adalci. Kansiloli suna muhawara, rubutun na kallonsu.

Amma zanen da ya fi dacewa da wannan nazari yana ɗakin da Mutum Tara ke zama, inda Ambrogio Lorenzetti ya cika bango uku a 1338 zuwa 1339. A bangon tsakiya Adalci ce zaune, mace da ma'auni. Daga kowane faranti na ma'aunin igiya ta sauko, wata mace mai suna Haɗin Kai ta tufka su wuri guda, a cinyarta akwai abin da kafinta ke goge katako da shi ya daidaita. Igiyar ta bi ta hannun 'yan gari ashirin da huɗu da ke jere, kansu duk daidai, har ta ƙare a hannun wani dattijo mai farar riga da baƙa, wanda ke wakiltar garin da maslahar kowa. Igiyar ba daga hannunsa ta fito ba, a hannunsa aka ɗaure ta. A gefensa Zaman Lafiya ta kishingiɗa a kan tarin sulke.

Bangon dama, mai tsawon kusan mita 14, shi ne amfanin mulki nagari. Ga baduku yana ciniki a shagonsa, ga malami da ɗalibai, ga masu saƙa, ga ayarin amarya a kan doki, ga masu rawa sun yi da'ira. Can saman wani gida magina ne a kan katakon gini suna ɗora bulo. Bayan ganuwa gonaki ne, ana huɗa ana girbi ana sussuka, wani manomi na koro baƙin alade mai farin ɗamara zuwa kasuwa, irin da har yau ake kiwo a yankin. Bangon hagu kuma mulkin zalunci ne: azzalumi mai ƙaho da haure, Adalci a ɗaure a ƙarƙashin ƙafarsa, gidaje na rushewa, babu mai aiki sai maƙerin makamai. Wannan bangon ne ya fi lalacewa.

Masu yawon buɗe ido sun fi tsayawa wurin masu rawa. Ni abin da nake so a duba shi ne matar da ke shawagi a kan ƙofar gari, wadda aka rubuta wa suna Tsaro. A hannu ɗaya tana riƙe da rubutun da ke cewa kowa ya yi tafiyarsa ba tsoro, a ɗaya hannun kuma katakon rataya ne da mutum a rataye. Mutum Tara ba waliyyai ba ne. Ƙungiya ce ta masu kuɗi da ta rufe ƙofa ga manyan gidaje a sama, ta kuma rufe ga masu ƙananan sana'o'i a ƙasa, har da alƙalai da marubutan shari'a da likitoci. A 1318 mahauta da marubutan shari'a, da goyon bayan wasu daga gidan Tolomei, suka yi bore suka auka wa fadar ta cikin Kampo. An murƙushe su, aka fille kan wasu mahauta. Shekara ashirin bayan haka aka yi wannan zanen.

Annoba da abin da ya biyo baya

A 1348, hasumiya na gab da kammaluwa, annobar da ta share Turai ta shigo Siyena. Garin da ke da mutum wajen 50,000 ya rasa kusan rabi, wasu na cewa fiye. Marubucin tarihin garin, Agnolo di Tura, ya rubuta cewa da hannunsa ya binne 'ya'yansa biyar. Daga wannan shekarar ba a sake jin ɗuriyar Ambrogio Lorenzetti da ɗan'uwansa Pietro ba. Gagarumin aikin faɗaɗa babban coci da aka fara a 1339 ya tsaya, bangonsa na nan tsaye har yau ba rufi. Waɗanda suka tsira sun yi alwashi, suka fara gina ƙaramin ɗakin ibada na farin dutse a gindin hasumiyar a 1352. Shi kaɗai ne ginin da aka bari ya turo cikin filin.

A 1355, da Sarki Charles na Huɗu na Bohemiya ya iso garin a hanyarsa ta zuwa Roma karɓar kambi, manyan gidaje da masu sana'a suka haɗa kai suka kifar da Mutum Tara, aka ƙone takardunsu. Gwamnatocin da suka biyo baya ba su daɗe ba, amma babu wadda ta taɓa tsarin filin. Ƙari suka yi ta yi. A 1357 majalisa ta sa aka sauke wani tsohon mutum-mutumin Venus, gunkiyar Romawan da, da aka kafa a kan Fonte Gaia, don ana ganin shi ya jawo wa garin masifa. An ruwaito cewa farfasa shi aka yi aka binne a ƙasar Fulorans don masifar ta koma can. Daga 1409 zuwa 1419 Jacopo della Quercia ya sake gina wurin ruwan da sassaƙaƙƙen dutse. A 1425 da 1427 mai wa'azi Bernardino ya tara dubban mutane a filin, maza gefe mata gefe da labule a tsakani, yana faɗa da gabar ɓangarori, har yana kafa hujja da zanen Lorenzetti. Tambarin Bernardino mai siffar rana shi ne babban faifan da ke tsakiyar fuskar fadar. A ƙarni na 15 ɗin ne kuma aka kafa ofishi na musamman mai kula da adon gari, wanda ya bi manyan tituna yana tilasta cire baranda.

A 1555 Siyena ta faɗi bayan doguwar kewayewa da sojojin Sifen da na Fulorans suka yi mata, ta koma hannun gidan Medici masu mulkin Fulorans. Daga nan ta zama garin lardi, kuma rashin kuɗin rushewa a sake gini ya taimaka wajen adana ta.

Sai dai wanda ya ce Kampo na yau shi ne na 1349 bai faɗi daidai ba. Hawa na sama a fikafikan fadar a wajen 1680 aka ƙara shi, aka kwaikwayi tsohon salo har ba a gane wurin haɗin. Gidan Chigi Zondadari an sake shi a shekarun 1720 da salon Roma, tagogi masu kusurwa huɗu, babu ginshiƙi ko ɗaya, babu kuma wanda ya ci tarar kowa. Fuskar gidan Sansedoni da ake yabo an gyara ta sosai a ƙarni na 18, aka kuma sare hasumiyarsa a 1760. Fonte Gaia da ake ɗaukar hoto a gabanta ma kwafi ce. Dutsen da della Quercia ya yi aiki da shi mai shan ruwa ne, ya zaizaye, sai aka ba Tito Sarrocchi aikin sassaƙa sabuwa da dutsen Carrara, aka buɗe ta a 1869, an ɗan gusar da ita daga inda take, ba a kuma sake sassaƙa mutum-mutumi biyu na mata da ke gefunan ta asali ba. Ragowar ta asalin tana gidan tarihi na Santa Maria della Scala. Dokar 1297 ta daɗe da mutuwa a takarda. Abin da ya rage shi ne layin da'irar da tsayin gine-gine da launin bulo, kuma waɗannan sun isa su haɗiye gidan da ya saɓa.

A ƙarni na 20 motoci suka zama barazana, har ana ajiye su a filin. Siyena na cikin garuruwan Italiya na farko da suka hana mota shiga tsakiyar gari, a shekarun 1960. A 1995 UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Fadar har yau ita ce ofishin hukumar birni.

Sukuwa a filin da ba a yi don ita ba

Tun zamanin Mutum Tara ana wasanni a Kampo: dambe tsakanin ɓangarori, daga baya wasan bijimai da tseren ɓauna. A ƙarni na 17 tseren dawaki mai zagaya filin ya kafu, shi ne Palio, wanda ake yi ranar 2 ga Yuli da 16 ga Agusta. Unguwanni 17 ne, waɗanda gwamna Violante ta Bavariya ta shata wa iyaka a 1729, goma ne ke shiga kowane tsere. Kwanaki kafin ranar ake zuba ƙasa mai ruwan ɗorawa a kan zoben dutsen da ya kewaye daɓen, mutanen garin su ce ƙasa ta shiga dandali. Doki da ƙuri'a ake raba shi, unguwa ba ta zaɓa. Ranar tsere a kai shi cikin cocin unguwa, limamin cocin ya sa masa albarka ya ce masa, "Je ka dawo da nasara." Mahaya ba sirdi suke hawa, da bulala a hannu, zagaye uku, abin bai fi minti ɗaya da rabi ba. Dokin da ya kayar da mahayinsa in ya riga kowa shi ya ci. Jama'a a tsakiyar daɓen suke cunkushewa kyauta, masu kuɗi kuma su sayi wuri a tagogi da barandar da aka ƙara daga baya, irin wadda doka ta taɓa hanawa.

Siffar da ta sa filin ya yi kyau ita ce ta sa tseren ya zama haɗari. A kwanar San Martino doki yana gangarowa da gudu zai tarar da lanƙwasa mai kaifi, shi ya sa ake jera katifu a jikin bango. A kwanar Casato kuma hawa ne a ƙuntataccen wuri. Dawaki sun mutu a waɗannan kwanoni, masu kare haƙƙin dabbobi kuma sun daɗe suna neman a soke tseren. Hukumar birni ta ƙi. Abin da ta yi shi ne tsaurara binciken likitocin dabbobi kafin a karɓi doki, inganta katifun da cakuɗin ƙasar, da daina amfani da dawakin tsere tsantsa masu tsananin gudu, ta koma ga ruwa-biyu masu ƙwarin ƙashi. Kwanar dai ba ta gyaruwa, don gyara ta na nufin taɓa gidajen da ke bakin filin, kuma dokar kare kayan tarihi ta Italiya ba ta yarda da haka ba.